In Kunne Ya Ji, Inji Ya Tsira

A bazarar 1997 man fetur ya yi wuyar samu a ƙasar Yawuri, kamar yadda ya yi a sauran Nijeriya. A hukumance lita naira 11 ce, amma wannan farashi a jikin famfon gidan mai kawai yake. Wanda ke son ya kama hanya a ranar sai ya nemi 'yan bumburutu a bakin titi, su auna masa da galan a kan abin da suka ga dama.

A cikin wannan hali ne wani direba mai suna Isiya yake jan wata Pijo 504 wagon daga tashar Yelwa. Motar 'yar 1979 ce, cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, inda kamfanin Pijo ya fara aiki a 1975. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai an ɗaure da igiya, amma injinta lafiyayye ne, don mai ita ya riƙe ta da kyau har ya koma ga Allah. Mai itan kuwa yayan Isiya ne, Garba, wanda ya rasu ya bar matarsa Hajara da 'ya'ya biyar. Da wannan mota ake ci a gidan, da ita ake biyan kuɗin makaranta. Kullum bayan sallar isha'i Isiya zai zo ya yi sallama, ya ba Hajara lissafi: ga abin da aka samu, ga na mai, ga na 'yan kamasho, ga sallamarsa, ga saura.

Wasu ranaku yakan yi kudu, ya wuce Bin Yawuri ya gangara Wara a ƙasar Ngaski, ya kwaso mata masu kwandunan bandar kifi daga bakin tafkin Kainji. Wasu ranakun kuma ya yi arewa, ya ratsa ƙasar Shanga zuwa Koko, wani lokaci har Jega, da fasinjoji a ciki da buhunan albasa a baya.

Wata rana da azahar ya taso daga Wara da lodi har saman mota, rana tana dukan kwalta. Da ya zo wani ɗan hawa yana giya huɗu, sai ya danna totur don kada motar ta lafa. Nan take ya ji wata siririyar ƙara daga gaban motar, kacau-kacau-kacau, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. Ya ɗaga ƙafa, ƙarar ta ɗauke. Ya sake dannawa, ta dawo. Wata tsohuwa daga baya ta ce, “Direba, lafiya motar taka take tari?” Ya ce lafiya lau, kwanon birki ne ya saki. Shi kansa ya san ba kwanon birki ba ne.

Washegari da sassafe bai ji komai ba, har ya fara murna. Rana na ɗagawa, inji ya ɗau zafi, ƙarar ta dawo, kuma kullum sai ƙaruwa take.

Makonni kaɗan kafin nan, motar ta yi masa nauyin ƙafa, ba ta ja kamar da. Ya kai ta wurin wani matashin bakanike mai suna Sale, wanda direbobi ke kira Nan-take saboda saurin hannunsa. Sale ya sassauta notin distirbuta, ya murɗa ta a hankali inji na aiki a tsaye, har muryar injin ta ɗaga ta yi zaƙi, ya ɗaure. Ya ce, “Taimin ne ya koma baya. Je ka gwada.” Isiya ya biya, ya tafi yana yabo. Don haka da ƙara ta ɓullo, wurin Sale ya koma.

Sale ya buɗe bonet, ya kama wayar totur ya ja, inji ya yi ruri har kajin maƙwabta suka watse. Babu ƙara. Ya sake ja, babu. Ya ce, “To ina take?”

“Sai a kan hanya take yi.”

“Yaya take yi?”

Isiya ya kwaikwaya da bakinsa. Sale ya girgiza kai, ya goge hannu a tsumma. “Metal ne ya fara tafiya. Tsohon inji ne, ai ya yi ƙoƙari. Sai an sauke shi, a kai kurankishaf a gurza, a sayo metal da ringi da gaskit a Panteka ta Kaduna. In ka bari ya buga, to sai dai sabon inji.”

Sale ba macuci ba ne, kuma ba jahili ba ne. Abin da ya faɗa yana faruwa ga tsofaffin motoci kullum. Aibinsa ɗaya, kuma shi ne aibin da yawa daga masu sana'a a garuruwanmu: kunya yake ji a gan shi yana tambaya, yana ganin ƙwarewa ita ce mutum ya faɗi sunan cuta tun mai ita bai rufe baki ba. Ƙarar da bai ji da kunnensa ba ya yanke wa hukunci.

Da daddare Isiya ya kai wa Hajara labari, ya faɗi kuɗin. Ta yi shiru. Abin da gidan ya mallaka wanda zai kai wannan kuɗi guda ɗaya ne, wani bijimi da marigayi ya bari a hannun wani Bafulatani a wajen Shanga, wanda aka yi niyyar sayarwa in auren babbar 'yarsu ya zo. Ta ce, “In babu makawa a sayar. Amma ka kai motar wurin Baba Manu tukuna?”

“Yaya, Baba ya tsufa, kuma aikinsa da nawa. Sai ya wuni yana yi wa mutum tambayoyi.”

“Yayanka bai taɓa yarda a kwance wa motar nan ko noti ɗaya ba sai Baba ya ji ta. Ka kai masa gobe.”

Baba Manu Bagunge ne. An haife shi a wani gungu a tsakiyar kogin Kwara, wanda yau ruwan tafki ya shafe. Yana saurayi aka fara gina madatsar Kainji a 1964, ya tafi neman aikin lebura, Turawan Italiya na kamfanin Impregilo da ke aikin suka sa shi zuba giris da baƙin mai a manyan motocin kwasar dutse. A nan ya fara sanin inji. Da aka tare ruwa a 1968, aka tashi mutane fiye da dubu 40 daga garuruwansu da gungunansu aka sake musu matsuguni, iyayensa suna ciki. Shi bai koma noma da su ba, ya zauna Yelwa ya koyi ƙananan motoci. Yakan gaya wa yaransa cewa a wurin aikin madatsa ba a kwance inji don zato, domin mota ɗaya in ta tsaya mutane da yawa ne suka tsaya. Sai an tabbatar da inda ciwon yake kafin a ɗauko sifana.

Isiya ya isa garejin da hantsi. Ya durƙusa ya gaida Baba, suka yi addu'a ga marigayi. Ya miƙe zai buɗe bonet, Baba ya ce, “Bar ta tukuna. Zo ka zauna.” Ya kira babban yaronsa Ɗanlami, ya ce shi ma ya zauna ya saurara.

“Da sanyin safiya take yi, ko sai inji ya yi zafi?”

“Sai ya yi zafi, Baba.”

“A tsaye ko a tafe?”

“A tafe.”

“Da lodi, ko ko kana kai kaɗai?”

“Da lodi ta fi yi. Musamman a hawa.”

“In ka ɗaga ƙafa?”

“Sai ta ɗauke.”

“In ka dawo giya uku a hawan nan fa?”

Isiya ya yi tunani. “Kusan ba na jin ta.”

“Jar fitilar baƙin mai tana ƙyaftawa in ka tsaya a tasha inji na aiki?”

“A'a.”

“Allurar zafi fa?”

“Tana ɗan wuce inda ta saba.”

“Wa ya taɓa ta kwanan nan?”

Ya faɗi zancen Sale da distirbuta. Baba ya gyaɗa kai, bai ce komai ba.

“Ina kake shan mai?”

“Nan bakin titi, inda kowa ke sha.”

Baba ya dube shi ɗan lokaci, sannan ya miƙe. Ya ce wa Ɗanlami, “An ce metal ne. To mu fara da neman metal ɗin, don in shi ne, ko nan da kasuwa ba za a sake tuƙa ta ba.”

Ya sa aka zaro ɗan baƙin mai daga ƙasan inji a wani farin kwano, ya fita da shi rana, ya karkata kwanon yana dubawa, ya murza a yatsu. Ya ce metal in yana cinyewa, garin ƙarfe yake zubarwa, za a gan shi yana ƙyalli a cikin mai. Wannan man ya yi baƙi, amma babu ƙyalli ko kaɗan. Aka mayar, aka tada mota aka bar ta ta ɗau zafi. Baba ya naɗe hannun rigarsa, ya gargaɗi Ɗanlami ya yi nesa da fanka, ya ɗauko doguwar sukundireba, ya dafa bakinta a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa. Ya saurari sama wajen murfin bawul, ya saurari gaba wajen sarƙar taimin, ya saurari can ƙasa. Kowane wuri sai ya miƙa wa yaron shi ma ya ji.

Yana yi yana bayani, ba da sauri ba. Ƙarar metal daga ƙasa take fitowa, mai nauyi ce, gwaf-gwaf, tana bin juyin inji, kuma ko mota na tsaye in aka ɗan ja totur aka saki ana kama ta. Sau da yawa takan zo da faɗuwar ƙarfin baƙin mai, shi ya sa ya tambayi jar fitila. Ya ɗauko filaya mai roba a hannu, ya cire wayar falogi ta farko, ya saurara, ya mayar, ya bi sauran ukun haka. Ya ce da metal ɗin wata silinda ne ya lalace, da zarar an hana ta wuta dukan zai ragu, ta haka ake gane wacce ce a cikin huɗun. A nan babu dukan da zai ragu tun farko.

Sai ya bi sauran masu kawo ƙara in an taka mota. Fanbel in ya saki, kuka yake yi mai tsini, ba kacau-kacau ba. Ya danna shi da babban yatsa, ya ce ya ɗan yi sanyi amma ba shi ba ne. Gaskit ɗin bakin salansa in ya ƙone, fit-fit-fit yake yi, ya fi ƙarfi da safe kafin ƙarfe ya buɗe da zafi, kuma yana barin baƙin hayaƙi a gefen da yake fita. Ya leƙa, babu. Bawul in tazararsu ta yi yawa, cak-cak suke yi a sama, ko da lodi ko babu. Ya sa Ɗanlami ya shiga ƙarƙashi ya girgiza salansa, ya duba robobin da inji ke zaune a kai, domin in ɗaya ta tsage inji kan karkata in an taka, wani ƙarfe ya taɓa wani. Duk lafiya.

Isiya ya fara gajiya. Ya ce, “Baba, ai na gaya maka a tsaye ba ta yi.”

“Na ji ka, ɗana. Yanzu na san abin da ba shi ba ne. Saura mu je ta gaya mana abin da yake shi ne.”

Aka aro buhunan albasa daga wani ɗan kasuwa da ke kusa aka loda, yaran gareji suka cika kujeru, Baba ya zauna gaba, ya sauke gilas. Suka kama hanyar Koko rana ta take. Da suka zo hawa ya ce, “Sa huɗu. Taka.” Ƙarar ta fito sarai. “Saki.” Ta ɗauke. “Dawo uku, ka taka.” Sai ɗan alamarta. Ya ce a juya gida.

A gareji ya zana da yatsa a ƙasa, yaran suka kewaye shi. “A cikin kowace silinda fistin yana hawowa ya matse mai da iska. Falogi ya ba da wuta, wutar ta ci man daga wannan gefe zuwa wancan, a jere, ta tura fistin ƙasa. Haka ake so. To in man ba mai jure matsi da zafi ba ne, ko kuma wutar ta zo da wuri ƙwarai, ragowar man da wuta ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa gaba ɗaya. Wannan fashewa ita ke dukan kan fistin da bangon silinda. Ita kuka ji.”

Ɗanlami ya ce, “To me ya sa ba ta yi a tsaye, Baba?”

“A tsaye inji ba ya jan komai, ɗan mai kaɗan ya ishe shi ya yi ruri, silinda ba ta cika. A hawa da lodi a giya huɗu, an buɗe mata baki gaba ɗaya, ta cika maƙil, ga inji yana juyawa a hankali, ga zafin bazara. Nan matsi ke kai ƙarshe. Wanda ya tsaya a gareji yana jan totur ba zai taɓa jin wannan ƙara ba.”

Aka bar inji ya huce aka cire falogi. Bakinsu ya yi dauɗa, farin tangaran ɗin biyu daga ciki yana da 'yan ɗigo-ɗigo. Baba ya ce dukan ya fara taɓa kan fistin, amma bai yi nisa ba. Ya ɗaura ma'aunin matsi a kowace silinda, huɗun suka zo kusan daidai. Ya duba alamar taimin a jikin fuli, ya tarar an kai wutar gaba fiye da ƙima. Ya buɗe murfin lagireto, ya nuna musu laka da tsatsa a bakin bututun, don Isiya ya saba ɗebo ruwan gaɓar tafki ya zuba.

“Biyu ke nan,” in ji shi. “Wuta ta yi gaba, ruwa ba ya sanyaya inji yadda ya kamata. Amma motar nan ta yi nauyin ƙafa tun kafin a taɓa distirbuta. Me ya kawo nauyin?”

Ya sa aka zare tiyon mai daga kabureta aka tsiyayi kaɗan a murfin kwalba. Ya yage farar takarda daga littafin da yake rubuta bashi, ya ɗiga man motar a gefe ɗaya. Ya shiga ɗaki ya fito da wata kwalba da yake ajiye fetur mai kyau don wankin kabureta, ya ɗiga a ɗaya gefen. Ya ajiye takardar a inuwa. Ba a jima ba ɗigon kwalba ya bushe ƙaf, kamar ba a zuba komai ba. Na motar ya bar tabon maiƙo, zagayayye, ya ƙi tafiya. Baba ya kai hanci ya sunsuna.

Sai ya ce wa yaran su je su mayar wa mai albasa buhunansa, dukansu, har Ɗanlami. Da suka rage su biyu ya ce, “Isiya, akwai kananzir a man nan, akwai kuma baƙin mai. Fetur mai baƙin mai a ciki na injin jirgin ruwa ne, don su irin nasu injin ta cikin fetur yake samun maiƙo. Ba a sayar da shi a bakin titin Yelwa. Ina kake shan mai?”

Isiya ya sunkuyar da kai. Da ƙyar maganar ta fito. Akwai wani mutum a bakin ruwa a Wara da ke sayar wa masu jirage gaurayayyen mai, yana kuma ƙara masa kananzir, wanda a lokacin farashinsa na hukuma naira 6 ne, kusan rabin na fetur. Yana ba Isiya jarka da rangwame sosai. Shi kuwa in ya zo lissafi da daddare, sai ya faɗa wa Hajara farashin 'yan bumburutun Yelwa, ya soke abin da ya rage a aljihu. Aure yake nema, yana tara kuɗin lefe. Ya ce shi a ganinsa bai taɓa kuɗin kowa ba, dabara ce ya yi ya samu sauƙi.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Kananzir ba ya jure matsi, shi ya sa ake sa shi a fitila ba a mota ba. Baƙin mai kuma yana barin gawayi a kan fistin, gawayin ya rage wuri, ya riƙe zafi. Man nan ya kashe wa motar ƙarfi, ka kai wa Sale ba ka gaya masa gaskiya ba, ya kai wuta gaba don ya faranta maka, abu ya haɗu. Da an sayar da san nan, an sauke inji, an sa sabon metal, ka koma Wara ka cika tanki, ƙarar nan za ta dawo kafin sati. Sa ya tafi, ciwo yana nan.”

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, “Motar ta marayu ce, ribar man ma tasu ce. Ka san abin da Suratun Nisa'i ta ce a kan dukiyar maraya, ba sai na karanta maka ba. Ni ba zan kai wa Hajara magana ba. Amma ba zan ɗaura sifana a motar nan ba sai ka je ka gaya mata da bakinka.”

Wani zai ce Baba ya wuce gona da iri, aikinsa gyaran inji ne, ina ruwansa da lissafin gidan mutane. Ni ban ga haka ba. Wadda ta kawo masa aikin a haƙiƙa Hajara ce, kuɗinta za a kashe, kuma da ya gyara ya yi shiru, ya bar musabbabin ciwon a inda yake. Bakanike na ƙwarai ba ya ɗaure noti ya bar abin da ke kwance shi.

Daren nan Isiya ya daɗe a ƙofar gida kafin ya yi sallama. Ya faɗi komai, har adadin abin da ya tara. Hajara ta saurara har ya gama. Ta ce, “Da ka ce mini lefe kake tarawa, Isiya, ai ni ce uwar auren. Da ni zan fara sa maka.” Bai iya amsawa ba. Ta karɓi kuɗin, ta ware na gyaran mota daga ciki, ta ce sauran za a lissafa a gaban wani kawunsu. Daga ranar kuma a gaban kawun ake yin lissafin kowane mako. Isiya ya ji zafin wannan, amma bai yi musu ba, don ya san shi ya jawo.

Gyaran bai ci kuɗin ko ƙafar bijimi ba. Aka zubar da man tanki, aka wanke tankin da kabureta, aka sa sababbin falogi, aka daidaita tazarar fwayint, aka mayar da wuta kan alamarta. Aka cire lagireto aka kai wa mai walda ya buɗe ya zure bututunsa, aka ɗaure fanbel, aka canja baƙin mai. Abin da ya fi wuya shi ne samun fetur mai kyau. Sai da Isiya ya kwana a layin gidan mai. Da aka sake loda albasa aka koma hawan nan, Baba ya ji ɗan burbushin ƙarar, ya sa aka tsaya a gefen hanya, ya ɗan ja distirbuta baya kaɗan, aka sake gwadawa, shiru. Ya ce saboda gawayin da ya taru ne, in ta dawo nan gaba za a buɗe kan inji a kankare, wannan ma ba sauke inji ba ne. Ya ƙara da cewa, “In ka zo hawa da lodi, ka dawo uku. Man da kake ganin kana tsimi a giya huɗu, fistin ne ke biya.”

Baba ya aika aka kira Sale. Bai kunyata shi a gaban yara ba. Ya ja shi gefe ya nuna masa falogin da takardar, ya ce murɗa distirbuta har murya ta yi daɗi a tsaye kusan kullum gaba take kai wuta, don inji mara lodi yana son haka, mai lodi kuwa ba ya so. Sale ya ce shi ba a gaya masa zancen mai ba. Baba ya ce, “Gaskiya ne. Kai kuma ka tambaya?” Sale ya yi shiru, ya yi godiya, ya tafi. An ce daga baya ya fara shiga mota da direba kafin ya faɗi farashi.

Akwai wani abokin Isiya a tasha, Mamman, da suke shan mai wuri ɗaya a Wara, tasa motar ma ta fara irin wannan ƙara. Isiya ya gaya masa duk abin da Baba ya ce. Mamman ya yi dariya ya ce Pijo ba ta mutuwa, in ta fara sai ya ƙara muryar kaset. Kafin ruwan farko ya sauka, motarsa ta tsaya a daji tsakanin Yelwa da Koko tana fitar da hayaƙi, fasinjoji suka kwashe kayansu suka nemi wata. Da aka buɗe inji, kan fistin ɗaya ya huje. Shi aka sauke wa inji.

Ta Isiya kuwa ta ci gaba da zirga-zirga tsakanin Wara da Jega. Bijimin yana hannun Bafulatani har lokacin auren yarinyar ya zo, aka sayar aka yi mata kayan ɗaki.

Yau 504 ta yi ƙaranci a tashoshinmu, Golf da Sharon da ire-irensu sun maye gurbinta. Da yawa daga injinan yanzu suna da wata 'yar na'ura a jiki da ke jin wannan duka, ta sa kwamfutar mota ta ja wuta baya da kanta, don haka mai mota kan ga raguwar ƙarfi da yawan shan mai tun kafin ya ji ƙara. Masu ja da ƙafar gaba kuma suna da tasu ƙarar, ƙas-ƙas-ƙas ta shaf, wadda ke fitowa in an taka totur a kan kwana. Amma gurɓataccen mai bai ƙare a kasuwa ba, lagireto bai daina toshewa ba, kuma tambayoyin Baba Manu suna nan da amfaninsu. Kai mai tsohuwar mota, in ka ji baƙuwar ƙara lokacin da ka taka, ka ɗaga ƙafa, ka lura da lokacin da take zuwa da lokacin da take ɗaukewa. In mai nauyi ce daga ƙasa, ga jar fitila na ƙyaftawa, kashe inji a nan inda kake. In siririya ce a hawa, rage giya ka lallaɓa zuwa gareji. Kada ka yarda a sauke maka inji sai bakanike ya shiga motar ya ji da kunnensa, kuma in ya tambaye ka inda ka sha mai da wanda ya taɓa ta, ka gaya masa gaskiya.